Na tsinci katin zaɓen 2019 a akwati, wai ina wannan mazaɓar ta shiga ne?

Maman_Iklima:
Slm jama'ar gida. Jiya ina kwashe tarkace saboda tashin da za mu yi ƙarshen wata sai na ci karo da wani farin kati a ƙasan akwati, cikin takardun asibiti da tsofaffin rasit, ashe katin zaɓe ne na 23 ga Mayu 2019. An rubuta zaɓen Majalisar Turai, yankin Arewa maso Yammacin Ingila, har da sunan makarantar firamaren da muka je muka jefa. Iklima ta ɗauka tana juya shi tana tambayata wai Mama wane ne ɗan majalisarmu na wannan wurin yanzu, wlh na buɗe baki na rasa me zan ce mata, na ce babu, ta ce to ina ya tafi, na ce mazaɓar ce gaba ɗaya babu ita. Yarinya ta kalle ni kamar na yi mata ƙarya. Don Allah masu ilimin abin ku warware min, ni dai na san na yi zaɓen da azumi a bakina amma ko sunan mutum ɗaya da na zaɓa ban riƙe ba.

Dan_Tasi_Bolton:
Hhhh Anti ai ki sa shi a firam ki rataye a falo, ya zama kayan tarihi. Mazaɓa ta rasu ranar 31 ga Janairu 2020 ƙarfe 11 na dare, lokacin da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, an yi jana'iza an watse.

Abba_Kano:
Ku tsaya tukuna. Anti ke da fasfo ɗin Najeriya kika zaɓi ɗan majalisar Turai?? Ko kin karɓi nasu ne lokacin

Maman_Iklima:
Abba da koren fasfo ɗina na yi. Sai 2021 na karɓi nasu.

Dokta_Sabo:
Wa alaikumus salam. Abba abin ba sabo ba ne, dokar Birtaniya ta ba ɗan ƙasar Commonwealth da ke zaune bisa ƙa'ida damar yin rajista ya yi zaɓe, har da na Majalisar Turai lokacin da suke ciki. Ɗan Najeriya, ɗan Ghana, ɗan Kamaru, ɗan Pakistan duk sun shiga. Abin da zai ba ka mamaki ma shi ne a ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kan fita daga Tarayyar Turai mu an bar mu mun jefa, amma Bafaranshe ko ɗan Polan da ya shekara ashirin a nan bai samu dama ba, alhali maganar zamansa ake yankewa.

Hajiya ita mazaɓar da ke katinki an ƙirƙire ta ne a 1999. Ta haɗa Manchesta da kewayenta, Libaful da kewayenta, Lancashire, Cheshire da Cumbria har can iyakar Sukotilan, mutum wajen miliyan 7 a mazaɓa ɗaya. Da farko kujeru 10 gare ta, aka rage zuwa 9 a 2004, sannan 8 daga 2009 har ƙarshe, saboda sababbin ƙasashe suna ta shigowa Tarayyar ana rage wa na ciki kaso. Dalilin da ya sa ba ki riƙe suna ba kuwa ba laifinki ba ne, ba mutum kika zaɓa ba, jam'iyya kika yi wa alama. Ita jam'iyyar ce ta jera sunayenta na ɗaya na biyu na uku, ke ba ki da ikon taɓa jerin. A zaɓen naki na 2019 Brexit Party ta ɗauki 3, Leba 2, Lib Dem 2, Green 1. Sun zauna daga 2 ga Yuli zuwa ƙarshen Janairu, wata bakwai kenan, aka ce kowa ya tattara.

Baba_Alhaji_Libaful:
Assalamu alaikum yarana. Jikata ce take buga min ina faɗa, idanun sun yi rauni, idan kun ga kuskure nata ne.

Ni na zo garin nan 1978 karatu, kuma gidan da nake ciki yanzu tsakaninsa da ɗakin da na fara haya bai fi tafiyar minti goma ba. Ban yi ƙaura zuwa ko'ina ba amma mazaɓata ta Turai ta canza suna sau biyu a kaina. Zaɓen farko Yuni 1979 sunanta Libaful kawai, kuma wata mata 'yar Konzabatib ce ta ci, Gloria Hooper, ku duba fa, Libaful garin 'yan ƙwadago amma mutane suka ƙi fita sai ga shi. A 1984 aka sake yanka, muka faɗa Merseyside West, wani ɗan Leba Ken Stewart ya riƙe har ya mutu a 1996. Daga 1999 kuma aka narkar da mu cikin wannan babbar da ke katin Maman Iklima.

Ni a wurina tun ranar aka kashe abin, ba 2020 ba. Da can mutum ɗaya ne, ka san sunansa, ka san ofishinsa, in ka ga dama ka je ka zauna a benci ka jira shi. Da aka ce mutum goma ne naka sai ya zama ba ka da kowa. Kun san jifan da ya faɗa kasuwa, to haka koke yake in ka aika wa mutum goma.

Dan_Tasi_Bolton:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Gaskiya kenan, akuyar mutum goma kwana take da yunwa

Dokta_Sabo:
Baba Allah ya ja da rai, ba musu zan yi da ku ba, amma akwai gefen da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Shi tsohon tsarin na mutum ɗaya mazaɓa ɗaya ya zubar da ƙuri'un mutane ba kaɗan ba. 1979 'yan Liberal sun samu kusan kashi 13 cikin ɗari ba su samu ko kujera ɗaya ba, Konzabatib ta kwashe 60 cikin 81. 1989 jam'iyyar Green ta samu kashi 15, mutum sama da miliyan 2 suka zaɓe ta, kujera sifiri. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, kamar a ce duk wanda ya fito a jiha guda an ce ya koma gida ba a ƙirga da shi. Sannan maganar sanin mutum, Baba zaɓen cike gurbin da aka yi bayan rasuwar Ken Stewart ɗin a ƙarshen 1996, kashi 11 da ɗan ɗoriya ne kawai suka fita. To in an san shi haka ina mutanen suka shiga?

Baba_Alhaji_Libaful:
Ina cikin kashi 11 ɗin Dokta. Disamba ce, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, na shiga na tarar da ma'aikatan zaɓe biyu suna shan shayi daga fulas, ɗayar har ta yi min godiya da na zo. Ban ce tsohon ba shi da aibi ba. Amma ka faɗa wa yaran nan wa sabon tsarin naka ya kawo mana a 2009, kar ka tsallake.

Maman_Iklima:
Wa ya kawo Baba?

Dokta_Sabo:
To Baba ya kama ni. Nick Griffin, shugaban BNP, jam'iyyar da a lokacin tsarin mulkinta bai yarda wanda ba farar fata ba ya zama mamba, sai da aka kai su kotu suka canza a 2010. Shi ya ɗauki kujera ta takwas, ta ƙarshe, a wannan mazaɓar taki Hajiya. Wani nasu kuma Andrew Brons ya ci a Yorkshire.

Bari in nuna yadda lissafin yake don a gane, sunan tsarin D'Hondt. Ana duba wa ya fi ƙuri'a a ba shi kujera, sai a raba ƙuri'unsa biyu a sake gwadawa da sauran, in ya sake ci a raba asalin adadin uku, haka har kujeru su ƙare. A 2009 ɗin Konzabatib na da wajen dubu 423, Leba dubu 337, UKIP dubu 262, Lib Dem dubu 236, BNP dubu 132, Green dubu 127. Kujeru huɗun farko kowacce cikin manyan huɗun ta ɗauki ɗaya. Ta biyar Konzabatib da rabinta dubu 211, ta shida Leba da dubu 168, ta bakwai Konzabatib kuma da kashi ɗaya cikin uku dubu 141. Saura ɗaya. A nan BNP na da 132, rabin UKIP ya kusa 131, Green 127. Kun ga tazarar? Da Green ta ƙara dubu biyar, ko UKIP ta ƙara dubu biyu da ɗari biyar, da Griffin bai ga Brussels, inda majalisar take, ba sai a talabijin.

Abin da ya fi ci min rai har yau, ƙuri'un BNP a yankin ba ƙaruwa suka yi ba, sun ma ɗan ragu a kan na 2004. A 2004 an aika wa kowa takardar zaɓe gida ta gidan waya, mutane sun fi jefawa, wajen kashi 41. A 2009 aka dawo kashi 32 ko ƙasa da haka, ga badaƙalar kuɗin alawus na 'yan majalisar Westminster, wato majalisar ƙasa ta Birtaniya, ta fashe ana saura 'yan makonni, magoya bayan Leba suka yi fushi suka zauna a gida. Shi bai ƙara komai ba, mu ne muka ragu.

Maman_Iklima:
Innalillahi. Wlh Dokta jikina ya yi sanyi, don 2009 ina nan kuma katin ya zo min, na tuna sarai saboda shi ne na farko da aka taɓa turo min da sunana, har na ɗauka takardar bashi ce na ɓoye wa Baban Iklima. Ranar na fito daga aikin dare ƙafafuna kamar ba nawa ba, na wuce ta gaban wurin zaɓen da ƙafa, ga allon nan an jingina a bakin ƙofa, na ce me ya haɗa ni da Turai ni da ko Faransa ban taɓa zuwa ba, na shige gida na kwanta. Ashe shekara biyar mutumin nan wakilina ne ban sani ba

Dan_Tasi_Bolton:
Haba Anti kar ki ɗora wa kanki, ƙuri'a ɗaya me za ta yi a cikin dubu biyar

Hauwa_Preston:
Ai dubu biyar ɗin ɗaya ɗaya ne Yaya. Masallacin unguwarmu kaɗai ranar idi sai an yi sahu biyu saboda cika. Ni ina sakandare lokacin, abin da na tuna shi ne bayan ya ci da 'yan makonni ya fito a BBC yana cewa a riƙa nutsar da jiragen ruwan da ke ɗauko 'yan Afirka daga Libiya. Mahaifina ya kashe talabijin ɗin bai ce komai ba. Kuma da albashin majalisa da kuɗin ma'aikata da ofis duk ya samu saboda kujerar.

Baba_Alhaji_Libaful:
To kun ji. A tsohon tsari mai kashi 8 ko ƙofar ba zai gani ba.

Dokta_Sabo:
Haka ne Baba, amma ƙofar da ya shigo ta nan wasu ma suka shigo. Sajjad Karim ya ci a wannan mazaɓar a 2004 yana Lib Dem, daga baya ya koma Konzabatib, ya yi shekara 15 a can. Afzal Khan na Manchesta ya ci a 2014 kafin ya dawo majalisar ƙasa a 2017, Wajid Khan ya gaje shi. A Yorkshire 2019 Magid Magid, yaron da aka haifa a Somaliya ya zo yana ɗan gudun hijira, ya ci a Green. Kuma mutane sun koyi darasi, 2014 Griffin ya faɗi ƙasa warwas, 2019 Tommy Robinson, wani mai tsattsauran ra'ayin ƙin Musulunci, ya tsaya shi kaɗai a nan ɗin dai ya samu kashi 2 da ɗan abu, ko kuɗin ajiyarsa fam dubu 5 bai karɓo ba. Hajiya ƙuri'arki ta cikin azumi tana cikin waɗanda suka danne shi, kin rama ta 2009.

Maman_Iklima:
Hhhh to Alhamdulillah. Na tuna ma takardar doguwa ce sosai sai da na naɗe ta sau uku kafin ta shiga akwatin, ga fensir an ɗaure da zare kamar za mu gudu da shi. Babu mai tambayarka kati mai hoto lokacin, suna da adireshi kawai ka faɗa, babu tawada a yatsa babu ɗan sanda babu layi, har na tsaya ina waige waige ko dai ban zo daidai ba. Daga nan na ruga gida don miya na kan wuta, shan ruwa sai tara da wani abu na dare

Abba_Kano:
Ni fa abin da ya tsaya min, kuna can kuna zaɓen majalisar nahiyar wasu amma zaɓen Najeriya ba ku da ikon jefawa daga can sai kun hau jirgi. Wannan wace irin rayuwa ce. Na biyu kuma me majalisar take yi ne takamaimai, ko irin ta ECOWAS ce a je a sha shayi a karɓi alawus

Dan_Damagaram_Bxl:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku tun ɗazu daga Brussels. Abba a'a ba ɗaya ba ne. Ni kullum ta gaban ginin nan nike wucewa in za ni aiki. Tasu doka suke yi wadda ke hawa kan ƙasashe, su da majalisar ministoci, kuma kasafin kuɗi sai sun sa hannu. Misali kuɗin da kamfanonin waya ke ƙara ma mutum in ya ƙetare iyaka da layinshi, an soke shi a 2017, yanzu ina shiga Faransa ko Jamus da layina na Beljik kamar ina gida. Wannan abu na gani da idona ba labari ba.

Abin dariyarsu guda ne, gida biyu gare su. Kusan kowane wata sai su kwashi akwatunan takardu da ma'aikata su tafi Strasbourg cikin Faransa su yi kwana huɗu su dawo, sau 12 a shekara, don an rubuta shi cikin yarjejeniya kuma Faransa ba ta yarda a taɓa. Su kansu 'yan majalisar sun gaji da shi.

Ni kuma na zauna Manchesta wata takwas a 2014 wajen wani ɗan uwa, shi ɗan Katsina ni ɗan Damagaram, kakanmu guda. Ranar zaɓe ya ce in raka shi, ya shiga ya jefa ni ina tsaye waje riƙe da lema, don Nijar ba ta cikin Commonwealth. Ya fito yana min dariya wai Ingilishi ya fi Faransa riƙon zumunci.

Dan_Tasi_Bolton:
Duk da haka ni ban yi nadamar fita ba, kuma ba na ɓoyewa Leave na jefa a 2016, wato a fita. Majalisar da ta hana waken Najeriya shigowa? Ku tuna yadda wake ya yi wuya a shagunan 'yan Afirka. Sannan ɗan Romaniya ya shigo ba biza ba komai ya kama aiki washegari, ni kuma da zan kawo matata sai da na nuna albashin fam 18,600 na cike takardu kamar zan sayi jirgi. Aka ce mana in an fita za a daidaita kowa, to me zai hana in gwada

Dokta_Sabo:
Malam gyara kaɗan, maganar wake ba majalisar ba ce, Hukumar Tarayyar ce ta dakatar da shi a 2015, kuma dalilin maganin ƙwari ne da aka riƙa samu ya wuce ƙima, irin wanda 'yan kasuwarmu ke zubawa a buhu don kar ya yi ƙwari. Wannan ko mu a gida ya kamata ya dame mu, mu ke ci. Shi kuma sharaɗin 18,600 gwamnatin Birtaniya ce ta sa a 2012, Theresa May na ministar cikin gida, babu hannun Brussels ko kaɗan. Yanzu da aka fita nawa ne? 29,000 tun 2024.

Hauwa_Preston:
An daidaita kowa ɗin ai Yaya, an daidaita mu a wahala 😂

Dan_Tasi_Bolton:
Hauwa ki kiyaye ni. Ku faɗi gaskiya dai, bayan fitar ba ga 'yan Najeriya nan sun cika ko'ina da bizar aikin kula da tsofaffi da ta karatu ba? Da ana ciki da ba su samu ba. Rabin group ɗin nan ta nan suka zo, in ƙarya nake a ce ƙarya nake. Kuma ba ni kaɗai ba ne, yankin nan gaba ɗaya Leave ya yi rinjaye, Manchesta da Libaful ne suka ce a zauna amma je ka Blackpool ko Burnley ka ji, biyu cikin uku fita suka ce. Ina ɗaukar mutanen nan a mota kullum, ba wanda ya taɓa ce min ya san MEP ɗinsa, wato ɗan majalisarsa na Turai, ko ɗaya

Baba_Alhaji_Libaful:
A nan yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma maganata ce ta dawo. Garin nan da kuke gani, lokacin da na zo tashar jiragen ruwa tana mutuwa, gidaje a rufe da katako layi layi. Daga 1994 Tarayyar Turai ta sa Merseyside cikin yankunan da suka fi talauci ta riƙa zuba kuɗi, an gyara bakin ruwa, filin jirgin sama, wuraren koyon sana'a, 2008 aka ba mu birnin al'adun Turai. Za ka ga ɗan allo shuɗi mai taurari a jikin gini, shi kenan. Mu nan mun gani shi ya sa muka ce a zauna. Amma mutumin ƙauyen Cumbria da aka haɗa shi mazaɓa ɗaya da mu, tafiyar awa biyu da wani abu a mota, wa ya taɓa zuwa ya ce masa ni ne wakilinka ga abin da na yi? Mutum takwas, kowa na cewa ɗayan zai je.

Na taɓa rubuta musu wasiƙa su takwas ɗin a kan wata matsalar fanshon wani abokina da ya yi aiki a Holan. Biyu suka amsa. Ɗaya ya ce in tuntuɓi ɗan majalisata na Westminster, ɗayar kuma, Allah ya saka mata, ma'aikaciyarta ta bi abin har aka biya shi. Sauran shida har yau ina jira.

Dokta_Sabo:
Wannan na karɓa Baba. Da ma an yi irin na Ayalan ta Arewa, su kujeru 3 gare su kuma tun 1979 mutum suke zaɓa da lamba, na ɗaya na biyu na uku, ba jam'iyya ba. Ka samu rabo daidai kuma ka san wanda ka zaɓa. Gwamnatin Blair ce ta nace a kan rufaffen jeri, Majalisar Dattawansu ta yi ta mayar da dokar har sai da aka bi ta kansu da ƙarfin doka. Kuma zaɓen farko da sabon tsarin a 1999 kashi 24 ne kawai suka fita a ƙasar duka. A wannan zaɓen ne ma Nigel Farage, jagoran masu son a fita, ya fara samun kujera, a Kudu maso Gabas. Mutumin da bai taɓa cin kujerar Westminster ba sai 2024, majalisar da yake zagi ita ta ba shi lasifika da albashi shekara ashirin har ya fitar da ƙasar.

Abba_Kano:
Ikon Allah, an ba kura ajiyar nama. To su kujerun naku da aka tashi wa ya zauna a kai?

Dan_Damagaram_Bxl:
73 ne na Birtaniya duka. An raba 27 ma wasu ƙasashe, Faransa da Sipaniya sun samu biyar biyar, sauran 46 aka aje, majalisa ta sauko daga 751 zuwa 705. Ranar da suka amince da takardar rabuwa 29 ga Janairu wasu na kuka suna riƙe da hannun juna suna waƙar bankwana, su Farage kuma na kaɗa 'yan tutoci har aka kashe mishi makirfo.

Abba kai da ka kawo zancen CEDEAO, wato ECOWAS ɗinku, mu ma ai yanzu muna da irin katin Hajiya. Da can Nijar na da kujeru 6 a majalisar da ke Abuja, Mahamane Ousmane ɗan garinmu har shugabancinta ya yi daga 2006. Janairun 2025 mu da Mali da Burkina muka fita, kujerun sun tafi. Bambancin shi ne mu ba wanda ya taɓa jefa ƙuri'a ya zaɓe su balle ya samu kati ya aje cikin akwati, daga majalisar ƙasa ake ɗebo su.

Abba_Kano:
Mu 35 gare mu cikin 115 ɗin da ake da su kafin fitarku, kuma wlh ko ɗaya ban sani ba. Na san dai Ekweremadu ya taɓa shugabanta. An daɗe ana cewa za a koma zaɓe kai tsaye shiru kake ji. Ku yi tunanin a ce Kano da Jigawa da Katsina mazaɓa ɗaya ce ta ECOWAS a ba jam'iyya ta jera sunaye, ai gwamna zai zauna ya rubuta surukansa daga na ɗaya har na takwas

Hauwa_Preston:
Abba ai nan ma wanda ke saman jeri a babbar jam'iyya ko barci ya yi ya ci. Bambancin kawai ba suruki ba ne, ɗan gaban goshin jam'iyya ne

Dan_Tasi_Bolton:
Kun ga kun dawo layina kenan

Hauwa_Preston:
Ba mu dawo ba Yaya, gyara muka ce a yi ba rushewa ba. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ba ya cinna wa gidan wuta. Ni ƙanwata ta so zuwa Sipaniya shekara ɗaya ta tsarin musayar ɗalibai na Erasmus kamar yadda na yi a Lyon, ta zo ta tarar an fita daga shi

Dan_Tasi_Bolton:
Ta je Zariya ta yi musayar, ABU na nan

Admin_Garba:
Jama'a a sassauta, Hauwa da Malam na Bolton kar ku mayar mana da shi 2016, mun sha wahalar ku wancan karon har mutum uku suka fita daga group. Baba mun gode da tarihi, a gaida jikar da ta yi typing.

Baba_Alhaji_Libaful:
Ta ce tana amsawa, kuma wai hannunta ya gaji sai na biya ta. Maman Iklima kar ki yar da katin. Nawa na 1979 ban ajiye ba, ina jin na kunna murhu da shi.

Maman_Iklima:
Ba zan yar ba Baba, na sa shi cikin jakar takardun haihuwarsu. Na karanta wa Iklima bayanin Dokta na rabe-raben nan ta ɗauko biro tana gwadawa da kanta, ta ce lissafin ya fi na makarantarsu sauƙi, kuma wai ita da tana nan 2009 da ta tashe ni daga barcin. Yanzu tambayarta ɗaya, in sun koma Tarayyar za a dawo da mazaɓar yadda take ko sabuwa za a yanka?

Dokta_Sabo:
Ki ce mata dokar da ta kafa mazaɓun an soke ta tare da fitar, don haka komai sai an sake rubutawa daga farko, kuma ƙa'idar Tarayyar yanzu dole a yi tsarin rabo daidai, irin na Baba na mutum ɗaya ba zai dawo ba. Sauran sai ta girma ta je ta yanka da kanta.

Dan_Tasi_Bolton:
Anti wace rana ce tashin, in kawo babbar mota. Amma ban da ranar Juma'a ina da ɗaukar filin jirgi